Gashin Bakin Tanyus da Shuɗin Duro

A unguwarmu ta Zuk, can gefen teku, babu wanda bai san Tanyus mai gyaran famfo ba, ko da yake shi ya fi son a kira shi Abu Rafik, ko kuma Mu'allim idan ana so ya zo aiki da wuri. Da abu biyu yake taƙama a duniya. Na farko, wai tun da ya fara sana'a bai taɓa ɗaure bututu ya yi yoyo ba. Na biyu kuwa gashin bakinsa ne, baƙi wuluk saboda rini, mai kauri kamar burushin takalmi, an murɗe shi sama hagu da dama. A wurinmu idan namiji ya kama gashin bakinsa ya yi rantsuwa, magana ta ƙare. Tanyus kuwa yana kama nasa ko a kan gardamar ƙwallo ce.

Masifar ta faro ne ranar da aka kira shi gyara a wani shago da samari ke dafa giya a garin Batrun. Ya ga tukwane, ya ga bututai suna shiga suna fita, ya ce a ransa ai wannan aikin famfo ne, an dai sa masa sha'ir. Yana dawowa gida ya kwashe tulunan zaitun na matarsa Odet daga ɗakin ajiya, ya girka wani shuɗin duro na roba. Sha'ir ya saya wurin mai abincin kaji, yis ya roƙo a gidan burodi, sannan ya zuba ƙwayar yansun hannu biyu, tunda da ita marigayi babansa yake sa wa arak, barasar gargajiyarmu, ƙamshi. Shi kaɗai yake sha. Duk wanda ya miƙa wa kofi sai ya tuna yana shan magani.

Wata ranar Laraba yana zaune a shagon Sarkis mai aski, abokinsa tun na makaranta, ana daidaita masa gashin bakin da ɗan almakashi. Gattas mahauci yana gefe yana ɓare gyaɗa, tumbinsa a kan cinya. Sai Sarkis ya kawo labarin bikin giyar hunturu da za a yi ƙarshen mako a Kafar Dalba, can kan dutse, inda masu dafa giya a gida za su yi gasa.

"Kafar Dalba? Garin gwaggona?" Tanyus ya zabura har almakashi ya kusa shiga hancinsa. "To a gaya musu su naɗe tabarma. Gasa ta ƙare."

"Da wace giyar?" in ji Sarkis. "Wadda ka zuba wa kyanwar maƙwabta ta yi ƙaura?"

"Kyanwa ta san giya ne? Kai ma me ka sani ban da kunnuwan mutane?"

"Na san warin abin da ya ruɓe, Abu Rafik. Kullum kana hura min shi a nan."

Gattas ya ƙyalƙyace da dariya har gyaɗa ta sarƙe shi. Nan fa zuciya ta ɗebi Tanyus. Ya miƙe da zanen aski a wuya, ya kama gashin bakinsa da yatsu biyu, a gaban duk masu jiran layi.

"Na rantse da wannan, idan ban ci lambar farko ba, kai Sarkis ka aske shi a gaban mutanen Kafar Dalba!"

Sarkis ya ajiye almakashi. Ya buɗe aljihun tebur, ya ɗauko tsohuwar askarsa mai ƙotar ƙashi, ya fara wasa ta a hankali.

Ranar Asabar da safe suka taru a ƙofar gida su uku. Kafin a fito da duron, Tanyus ya buɗe shi ya antaya masa maɗin inabi kwalba guda, wai don ya ƙara ƙarfi a hanya. Aka ɗora shi a kujerar gaba ta tsohuwar Marsandinsa, aka ɗaure masa bel, aka lulluɓe shi da bargon gadon aure. Odet ta leƙo ta baranda, hannu a ƙugu.

"Ni da na haifa maka Rafik a motar nan, a baya ka zaunar da ni."

"Ke ba ki shiga gasa ba, Ummu Rafik."

"Ka ɗauki sarƙar taya mai hana santsi? An ce ƙanƙara ta rufe hanya."

"Sarƙa ta raƙuma ce. Wannan mota Bajamushiya ce, a cikin ƙanƙara aka haife ta."

"To Allah ya kiyaye. Sarkis, don Allah ka ɗauko min hoto."

Suka kama hanyar dutse. Tanyus ya kunna abin ɗumama mota ya juya dukkan iskar kan duro, Sarkis da Gattas suna baya suna karkarwa. Ba su yi nisa da hawa ba sai aka fara jin wani sauti daga cikin bargo, siii, siii. A saman murfin akwai wata 'yar ƙofa da samarin Batrun suka ce masa ya bari, don iskar da giya ke haifarwa ta riƙa fita. Tanyus ya taka birki a tsakiyar titi.

"Yoyo!" ya ce, fuskarsa ta canza. "A motata? A durona?"

"Ba yoyo ba ne, numfashi take yi," in ji Sarkis. "Kai da bakinka ka ce haka yaran suka ce."

"Yaran sun taɓa shiga ƙarƙashin bahon wanka? Abin da ya ce siii yau, gobe zai ce shaaa. Miƙo min jakar aiki."

Motoci suna ta hon a bayansu, shi ko a jikinsa. Ya toshe ƙofar da ƙusa, ya naɗe ta da farin zaren famfo, ya shafe murfin kaf da gam ɗin bututu, ya ɗaure da waya. Ya kanga kunne, ya ji shiru, ya murɗa gashin baki. Gaskiya ɗaya zan faɗa a kansa, aikinsa ba ya yoyo.

Sama da garin ƙarshe suka tarar da shingen jandarmomi. Wani saurayi mai jan hanci saboda sanyi ya leƙo, ya dubi tayoyi, ya dubi abin da ke cikin bargo.

"Baba, mara lafiya ne?"

"Zakaran gasa ne."

"To zakara ba zai wuce ba sai da sarƙa."

Tanyus ya fito ya fara lissafa masa mutanen da ya gyara wa famfo, daga wani kanar mai ritaya har surukar wani ɗan majalisa. Jandarma ya saurara da ladabi, ya ce duk ya ji, amma babu ɗaya daga cikinsu da zai naɗe a taya. Don ya nuna masa, Tanyus ya shiga mota ya ba ta wuta. Marsandi ta yi kuka, ta juya a hankali kamar mai rawar amarya, ta tsaya tana kallon hanyar Zuk, gindinta a cikin kwata.

A nan suka bar ta. Wani manomin tuffa da ke hawa da tarakta ya tausaya musu, ya ce su hau tirela. Hanyar gona ce, duk duwatsu. Tanyus ya rungume duron, kowane rami sai ya ce, "A hankali, bawan Allah, ba buhun dankali ba ne!" A wata kwana tirela ta yi tsalle, duro ya suɓuce daga bargo, ya dira ƙasa, ya kama gangara. Ya tsallake katangar gona ta farko, ya tsallake ta biyu, yana mirginawa, Tanyus na bin sa yana kiran sunan Maryamu da na waliyyai, Gattas na bin Tanyus da sanwici a hannu. Wata bishiyar tuffa ce ta tare shi.

Tanyus ya duba murfin, bai motsa ba. Ya ɗago yana haki, ƙanƙara har cikin kunne.

"Kun gani? Ko ɗigo!"

"Mun gani," in ji Sarkis daga sama. Ya taɓa aljihun da askar take.

Da la'asar suka isa gidan Gwaggo Wadi'a, tsohuwa 'yar ƙarama mai baƙaƙen kaya, wadda ta fi shekara talatin tana takaba. Ta sumbaci Tanyus a kumatu, ta ce ya rame, ta dubi Gattas ta ce shi ma ya rame, ta aza miyar kishik a kan murhun da ke tsakiyar ɗaki. Ta nuna musu baranda ta ce su ajiye kayan can, sanyin ya fi firiji.

"A waje? Gwaggo, so kike ta kamu da mura?"

Ya gangaro da duron har gindin murhu, ya sake lulluɓe shi. Ana cikin cin abinci duron ya yi wani gurnani daga can ciki. Gwaggo ta ajiye cokali, ta yi alamar gicciye.

"Ɗana, me ka kawo min gida?"

"Giya ce, tana nuna."

"Babanka ya dafa arak a gidan nan har ya mutu, ban taɓa jin tukunyarsa ta yi magana ba."

Ta tashi ta ɗauko ruwan coci ta yayyafa wa duron, ta kwashi bargonta ta tafi kwana gidan maƙwabciya.

Da gari ya waye duron ya daina kama da duro. Ya kumbura ta ko'ina, gindinsa ya yi tulu har ba ya iya tsayuwa, sai dai ya yi ta layi. Gattas ya taɓa shi da yatsa ya janye.

"Abu Rafik, na daɗe ina fiɗa. Tunkiyar da cikinta ya yi haka, ba a kai ta kasuwa."

"Ƙiba ce. Ƙarfi ne ya cika ta. Kama nan, ka rage surutu."

A dandalin coci aka kafa babbar rumfa ta tamfol, ƙanƙarar daren jiya ta taru a kanta har ta lotsa. Ana fitowa daga sujadar Lahadi gari ya ɗunguma ciki, har da mu 'yan kallo da muka hau daga Zuk. Samari masu gemu da hulunan ulu sun jera tebura, kowa da ƙaramin famfonsa mai ƙyalli, suna zuba wa mutane a 'yan kofuna. Mai sha sai ya ɗaga kofi ya dubi haske, ya sansana, ya kurɓa, ya lumshe ido kamar wanda aka gaya wa rasuwa, sannan ya ce yana jin ɓawon lemo da hayaƙin itace. Wasu da na sani a cikinsu ko bambancin shayi da ruwan wanke kofi ba su sani ba, amma ranar kowa ya zama masani.

Tanyus ya bi teburan ɗaya bayan ɗaya, hannu a baya. Ya kurɓi ta farko ya ce ruwan wanka ce. Ya kurɓi ta biyu ya tambayi mai ita ko babarsa ta san yana nan. A tebur na uku bai ma sha ba, ya duƙa ya leƙa ƙarƙashi, ya ce wanda ya haɗa wannan bututun a ɗaure shi. Duk inda ya tsaya sai ya sanar da rantsuwarsa, yana shafa gashin baki. Kafin azahar babu wanda bai ji ba, har tsofaffin garin suka jawo kujeru gaban teburinsa suka zauna. Gattas yana can wurin masu gasa tsiren alade, bai ɗanɗana giyar kowa ba.

Alƙalai uku ne: dagacin garin da sabuwar rigarsa ta ulu, Fada Ilyas limamin cocin, da wata budurwa mai suna Hiyam wadda ta koyo dafa giya a ƙasar waje. Da suka iso wurin Tanyus, Hiyam ta ga duron an tokare shi da duwatsu don kada ya faɗi. Ta ja da baya.

"Baba, wa ya toshe wannan?"

"Ni. Ki duba da kyau, ba za ki ga irin wannan aiki ba a inda kika yi karatu."

"Tun yaushe?"

"Tun jiya. Ya sha maɗi, ya sha ɗumi, ya ɗan motsa jiki a hanya."

"Don girman Allah a fitar da shi bayan coci, a huda shi kaɗan-kaɗan. Kowa ya matsa!"

"Ji min yarinya! Ni za ki koya wa buɗe famfo? Ina kwance bututu tun babanki yana tsallen igiya."

"Abu Rafik," Sarkis ya yi ƙasa da murya, don shi ma tsoro ya fara kama shi, "ka ji maganarta. Na yafe askin."

Da a ce a ɗaki ya faɗa masa, wataƙila da ya ji. Amma ga tsofaffi sun zuba ido, ga 'yan mata sun ɗaga wayoyi. Tanyus ya ce ba ya son yafiyar kowa. Ya zaro babbar sufanarsa, ya tsinke waya, ya kama murfin, ya dubi jama'a.

"Mutanen Kafar Dalba, ku riƙe kofunanku!"

Juyi ɗaya ya yi. Aka ji ƙara kamar ta igwa, har kurciyoyin hasumiyar coci suka watse. Murfi ya tashi sama ya keta tamfol, kumfa ta bi shi kamar an fasa babban bututun gari. Ƙanƙarar da ta kwana a kan rumfa ta sami ƙofa, ta zubo gaba ɗaya a kan dagaci, ya ɓace, sai sandarsa ake gani tana motsi. Duron kuwa ya kwanta ya shiga juyi a ƙasa yana fesa wa kowa, ya wanke Fada Ilyas daga gemu har takalmi, ya kashe wutar masu tsire, ya ture tebur biyu na samari masu gemu. Mata suna ihu, karnuka suna haushi, tsofaffin da ke gaba suka kifa da kujerunsu. Gattas ya tsaya riƙe da tsinken tsire, kumfa na ɗiga daga girarsa, ya ce, "Na gaya maka tunkiyar nan ba ta da lafiya."

Da aka tono dagaci, aka zaunar da shi, duk rumfar tana warin yansun da ɗanyen ƙulli. Da wani mai kunya ne, da ya sulale. Tanyus ya ɗaga duron, ya girgiza, ya ji saura kaɗan a gindi.

"Ba a ɗanɗana ba tukuna," ya ce. "Gasar ɗanɗano ce, ba ta tsafta ba."

Ya tsiyaya abin da ya rage a kofi uku, ruwa-ruwa mai kauri, launin ƙasa, ƙwayoyin yansun suna iyo. Dagaci ya kurɓa, ya tofar a kan takalminsa. Hiyam ta kai baki, ta ajiye, ta ce ta sha giya mai tsami, ta sha mai ɗaci, amma yau ta fara shan wadda ake taunawa. Fada Ilyas, da yake mutum ne mai haƙuri, ya haɗiye tasa. Ya daɗe idonsa a rufe, hawaye na bin gemunsa.

"Ɗana," ya ce, "ka zo ka same ni ranar Juma'a. Wannan sai an yi ikirarin zunubi."

Rumfa ta ɗauki dariya. Wani yaron Batrun mai ɗan kunne aka ba lambar farko, amma ba wanda ya kula, don tsofaffi sun riga sun tayar da kujera ɗaya sun kafa ta a tsakiya. Tanyus ya dubi hanya, ya dubi Sarkis.

"Mutumina, ai ɗazu ka ce ka yafe."

"Ka ce ba ka so."

"To mu bari sai mun koma Zuk. Sanyi zai kama min leɓe."

"A gaban mutanen Kafar Dalba ka ce," in ji wani tsoho mai farin gashin baki, yana buga sanda. "Mu ne mutanen Kafar Dalba. Babanka bai taɓa kama nasa ya saki ba."

Gwaggo Wadi'a ta ratso taro, ta cire mayafinta ta ɗaura masa a wuya da hannunta. Tanyus ya zauna. A nan kam na ji tausayinsa, don tun yana ɗan shekara ashirin reza ba ta taɓa wurin ba. Sarkis ya laluba jaka ya ga ya manto sabulu. Ya duƙa ya kwashi kumfar giyar daga kan tebur ya shafa masa.

"Ka ga, ta yi amfani," ya ce. "Kumfa dai kam, kai ne na ɗaya."

Aska ta bi ta dama, ta bi ta hagu. Abin da ya fito daga ƙasa wani ɗan farin leɓe ne siriri, wanda bai taɓa ganin rana ba, yana ɓari a cikin iska. Babu wanda ya yi dariya da farko. Sai Gwaggo ta ce, "Wayyo, Tanyus ɗina na ranar baftisma!" Shi ke nan, har dagaci sai da ya riƙe ciki.

Tanyus ya miƙe, ya kai hannu zai murɗa, ya kama iska. Ya gyara murya, wadda ita ma kamar an aske ta.

"Ku yi dariya. Ba ku san giya ba, shi ya sa. Wata da watanni ina shan ta kullum, ban taɓa jin abin da ya kai ta ba."

Ya fizgi kofin da Hiyam ta ajiye, ya ɗaga wa jama'a, ya kafa kai ya zuba a baki gaba ɗaya. Ƙwayoyin yansun da dusar sha'ir da guntun gam, duk abin da a da yake maƙalewa a hanya, yau ya wuce kai tsaye. Idanunsa suka firfito. Ya feso ta har kan rigar Gattas, ya yi tari, ya goge ɗan leɓen da bayan hannu, ya dubi kofin kamar yau ya fara ganin sa.

"Sarkis," ya ce da ƙyar, "haka take?"

"Haka take tun ranar farko, Abu Rafik."

Tanyus ya dubi baƙin gashin da ke warwatse a kan ƙanƙara, ya daɗe yana kallo, ya girgiza kai.

"Allah ya ji ƙanka," ya ce masa. "Ashe duk watannin nan kai kake tace min ita, ba ka taɓa faɗa ba."